Kyautar Mai Kaya Ga Ɗan Jarida: Tukuici Ce Ko Toshiyar Baki?

Gabatarwa

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu tsohuwa ce, riga kawai ta sake. Tun da can malamai suna tambaya ko ya halatta alƙali ya karɓi ragon layya daga hannun attajirin garinsu, ko da kuwa attajirin ba shi da wata ƙara a gabansa. Yau ga tambayar nan ta dawo mana ta ƙofar aikin jarida. Akwai ƙungiyoyi da ke shirya gasa kowace shekara, suna ba da lambar yabo da kuɗi da kayan aiki ga 'yan jaridar da suka fi ƙwazo wajen ba da labarin sabuwar fasahar nan ta sauya ƙwayoyin halittar irin shuka. Shin wannan kyauta tukuici ce ta yaba aiki, ko kuwa toshiyar baki ce da aka yi wa ado? Kuma idan ɗan jarida ya karɓa, mene ne matsayinsa a gaban manomin da ke sauraronsa?

Zan auna maganar da ma'aunin manoman yankinmu na yammacin Zamfara, watau Anka da Gummi da Bukkuyum, domin mutane ne da suka ɗanɗani amfanin labarin kimiyya, suka kuma ɗanɗani ɗacin rashinsa.

Wace Kyauta Ce, Wa Ke Bayarwa?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ake shari'a a kansa. A shekarar 2003 aka kafa wata gidauniya mai suna AATF, mai mazauni a birnin Nairobi na ƙasar Kenya. Aikinta shi ne ta shiga tsakanin manyan kamfanonin da suka mallaki fasahar iri da cibiyoyin binciken noma na Afirka, domin fasahar ta iso hannun ƙananan manoma. A 2006 gidauniyar ta buɗe wani dandalin wayar da kai da ake kira OFAB, wanda reshensa na Nijeriya ya fara aiki a 2009 tare da haɗin gwiwar hukumar gwamnatin tarayya da a wancan lokaci aka sani da NABDA. Gidauniyar Bill da Melinda Gates tana cikin manyan waɗanda suka tallafa wa dandalin da kuɗi. Daga 2017 ne dandalin ya fara ba da lambobin yabo ga 'yan jarida, na rediyo da na talbijin da na takarda, kuma waɗanda suka yi zarra a ƙasashensu sukan je su kara da takwarorinsu na sauran ƙasashen Afirka.

To, ita wannan gidauniya ta AATF ita ce kuma ta jagoranci haɗin gwiwar da ya samar da waken nan mai suna SAMPEA 20-T. An yi aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, aka dasa ta a jikin wake, ta yadda ganyensa da furensa za su riƙa fitar da wani sinadari mai kashe tsutsar Maruka, wadda ke huda fure da kwanso. Hukumar da ke sa ido kan lafiyar irin wannan fasaha, watau NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa, ta amince da shi a watan Janairu na 2019, aka yi masa rajista a Disamba na wannan shekara, aka kuma ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Haka nan masarar TELA, wadda aka saki nau'o'inta huɗu a Janairu na 2024, ta fito ne daga Samaru ta hannun wannan haɗin gwiwa.

Ashe ke nan, ya kai mai karatu, wanda ya kawo kaya kasuwa shi ne kuma ya shirya gasar masu ba da labarin kayan. Ban faɗi haka don in tuhumi kowa da ha'inci ba. Ba a ɓoye suke yi ba, sun kuma faɗi manufarsu a fili, cewa suna so jama'a su fahimci fasahar su karɓe ta. Amma wannan haɗuwa ta mai kaya da mai kyauta a jiki ɗaya ita ce tushen tambayarmu.

Hujjar Masu Goyon Baya

Adalci ne mu fara da abin da ke goyon bayan kyautar, kuma hujja ce mai nauyi. Duk wanda ya san abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai raina labarin kimiyya ba. A wannan shekara farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru suka shiga haƙar duwatsu suna kawowa gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Ba wanda ya gaya musu cewa dutsen cike yake da dalma, kuma ƙurarsa guba ce ga ƙananan yara. Agwagi suka fara mutuwa, ba a gane ishara ba. Yara suka shiga suma da sanƙarewa, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka gwada jini, sa'an nan aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Garin Bagega kuwa bai samu an kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba sai a 2013, bayan da matasa da 'yan jarida suka matsa wa gwamnati lamba ta saki kuɗin aikin.

Da a ce akwai ɗan jarida ɗaya a gidan rediyo da ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, ya kuma iya faɗinsa da Hausar da uwar gida za ta gane tana bakin turmi, wa ya san yawan rayukan da za a tsirar? Gaskiyar magana ita ce ɗakunan labaranmu cike suke da masu bin 'yan siyasa, amma masu bin malaman kimiyya ƙalilan ne. Dalili kuwa a fili yake: labarin siyasa yana da goro, labarin tsutsar wake ba shi da. Idan wani ya zo ya ce zai girmama wanda ya bar ofis ya shiga gona, ya koyi bambancin irin da aka yi wa aure da irin da aka yi wa dashen ƙwayar gado, ai ya toshe wani giɓi da masu gidajen jarida suka bari a buɗe.

Daɗin daɗawa, matsalar da waken nan ya zo magancewa ta gaske ce. Manomin wake yakan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, galibi ba safar hannu ba abin rufe hanci, wani lokaci ma yaro ne ke goye da tankin feshin. Masu binciken Samaru sun ce da sabon irin feshi biyu ya wadatar. Idan haka ta tabbata a gonar talaka, to, an rage masa kashe kuɗi, an kuma rage gubar da yake shaƙa. Sa'an nan ga jita-jita da ke yawo a wayoyin hannu, wai irin yana hana haihuwa, wai duk gonar da aka shuka shi ba za ta sake fitar da wani abu ba. Ƙarya irin wannan tana cutar da manomi, kuma ba mai iya kashe ta sai wanda ya san gaskiyar al'amari. Saboda haka masu shirya gasar suna iya cewa, yabon gwani ya zama dole, kuma mu gwanayen faɗin gaskiya muke yabo.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka raina bai kwanta ba, kuma ga dalili. Mu mutanen ƙasar Zamfara mun san makaɗan fada, ƙasar Narambaɗa ce da Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo. Makaɗi yakan wasa ubangidansa, a ba shi riga da doki, kuma ba wanda ya taɓa cewa an yi cuta. Me ya sa? Domin duk mai sauraro ya san matsayin makaɗi. Ya san cewa ba a zo fada don a ji aibin sarki ba. Yabon da aka san yabo ne ba ya yaudarar kowa. Shi kuwa ɗan jarida rigar shaida ya sa. Manomin da ya kunna rediyo bayan sallar isha'i yana sauraronsa ne a kan cewa wannan mutum ya je ya gani, ba shi da rabo a cikin cinikin. Da zarar shaida ya fara tsammanin tukuici daga ɗaya daga cikin masu shari'a, to, ya koma makaɗi a cikin rigar shaida, mai sauraro kuwa bai sani ba.

Za a ce mini ai kyautar ba a gaba ake ba da ita ba, sai bayan an gama aiki, kuma alƙalai ne ke zaɓe. Haka ne, kuma wannan ya raba ta da cin hanci na ƙuru-ƙuru. Amma mu tuna labarin da ya zo a hadisi na mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Aka nuna masa cewa ya zauna a gidan iyayensa mana ya gani ko kyautar za ta iske shi. Ma'aunin da ke cikin wannan labari shi ne, a duba dalilin kyautar, a bar duban lokacin da aka miƙa ta. Shi ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya lissafa abin da ake kira gaisuwa cikin miyagun al'adun masu mulki a littafinsa Kitabul Farƙi, alhali mai kai gaisuwa ba ya cewa ga abin da yake so a yi masa. Ba sai ya faɗa ba. Kyautar da aka san za ta zo kowace shekara, aka kuma san irin labarin da ke cinye ta, ta riga ta yi aikinta tun kafin ɗan jarida ya ɗauki alƙalami.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskuren fahimtar haɗarin. Suna zaton haɗarin shi ne ɗan jarida zai shara ƙarya. Ni a ganina da wuya ya yi ƙarya, domin alƙalan gasar masana ne, za su kama shi. Abin da zai yi shi ne shiru. Zai faɗi gaskiya goma masu daɗi, ya haɗiye ta sha ɗaya mai ɗaci, kuma shi kansa ba zai ji ya yi laifi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, har wanda bai ci ba tukuna yana sa rai, shi ma ya fara wasa aska.

Bari in kawo misalan gaskiyar da ake iya haɗiyewa. Sinadarin da ke jikin SAMPEA 20-T tsutsar Maruka yake kashewa. Ba ya taɓa darɓa, ba ya taɓa ƙwarin da ke tsotse kwanso, shi ya sa ma ba a ce a daina feshi ɗungum ba. Haka kuma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a rumbu ko a buhu. Wannan na ƙarshe muhimmi ne, domin lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, dalilinta shi ne yawan maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya, wanda 'yan kasuwa ke zubawa a wake wajen ajiya. Maganin wannan matsala yana wajen buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke toshe iska, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Rahoton da ya bar mai sauraro da zaton sabon iri ya raba wake da guba tun daga gona har tukunya bai yi ƙarya a kalma ba, amma ya ɓatar da shi.

Ga wani misalin. Wake shuka ce mai barbarar kanta, saboda haka manomi na iya ajiye iri daga abin da ya girbe. Masarar TELA kuwa 'yar aure ce, kamar sauran masara irinta, wadda in aka sake shuka 'ya'yanta amfaninta yakan ragu, sai an koma wurin mai sayar da iri kowace shekara. Wannan bambanci shi ne abu na farko da manomin Gummi zai so ya sani kafin ya kwance bakin jakarsa. Ɗan jaridar da ya haɗa su biyun a kwando ɗaya, ko don ya yabe su ko don ya kushe su, bai yi masa adalci ba.

Sa'an nan akwai tambayar da ta fi duka girma a yankinmu: ina gonar take? A farkon Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Shekara da shekaru ana sa wa ƙauyuka harajin noma, a biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi. A Gummi kuwa ambaliyar 2024 ta rushe gidaje ta shafe gonaki. Hoton manomi yana murmushi a gonar gwaji kusa da birni gaskiya ne, amma wanda ya baro gonarsa yana zaune a sansanin 'yan gudun hijira a Anka shi ma manomi ne. Nawa ake sayar da irin? Akwai shi a kasuwar ƙauye ko sai a birni? Ta yaya manomi zai bambanta na gaske da na jabu? Ina malamin gona da zai nuna masa yadda ake shukawa? Waɗannan tambayoyi duk na kimiyyar noma ne, sai dai amsoshinsu ba sa ƙawata bikin ba da lambar yabo.

Darasi Daga Maƙwabta Da Kuma Gida

Kada a ce ina ƙirƙirar tsoro ne. A 2008 ƙasar Burkina Faso ta fara noma audugar da aka yi wa irin wannan dashe, ta kamfanin Monsanto. Shekaru da dama ana kafa misali da ita a tarurruka, ana kai baƙi daga wasu ƙasashe su gani da idonsu. Audugar ta rage feshi kamar yadda aka yi alkawari. Amma zarenta ya fito gajere, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya, har a 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka watsar da ita suka koma tsohon iri. Ba guba ce ta kashe kowa ba, kuskure ne wajen haɗa sabuwar ƙwayar gado da irin gida, abin da ake iya gyarawa da an yi ta maganarsa a fili tun da wuri. Haka nan a ƙasar Indiya, tsutsar auduga mai ruwan hoda ta saba da sinadarin bayan 'yan shekaru, har ta daina mutuwa. Ɗan jaridar da ke ƙaunar manomin wake na gaskiya shi ne wanda zai riƙa tambayar masana me aka tanada don kada Maruka ita ma ta saba.

Ko a nan gida muna da abin tunawa. Madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gina ta ne da sunan kimiyya da ci gaban noma, kuma an yi mata kirari matuƙa. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya ba mai ji, har ta kai ga 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka kashe mutane da yawa. Ban kwatanta irin wake da wannan ta'asa ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne, duk lokacin da masu ba da labari suka tsaya a gefen aikin gayya suna tafi, kukan wanda aikin ya taka ba ya isa kunnen mahukunta sai ya zama jini.

Mai Kaya Ma Yana Asara

Wani abin da masu shirya gasa ya kamata su yi tunani a kai shi ne, yabon da aka saya yana rage darajar kayan da ake yabo. Jama'armu ba wawaye ba ne, kuma suna da dalilin yin ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Ba a san cikakken labarin ba sai da jaridar Washington Post ta Amurka ta tono shi a shekarar 2000. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan, a 2003, aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, bisa jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Allurar lafiyarta ƙalau, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yara suka shanye a banza, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Abin lura a nan shi ne, ranar da jita-jita ta tashi, muryar da za ta iya kashe ta ita ce muryar da jama'a suka san ba ta cin abincin kowa. Idan manomi ya gano cewa duk masu yabon sabon iri a rediyo suna da lambar yabo daga masu irin, to, ranar da suka faɗi gaskiya tsantsa ma ba zai yarda ba. Mun ga alamar haka a 2024, lokacin da Majalisar Wakilai ta tarayya ta nemi a dakatar da shigo da irin waɗannan amfanin gona har sai an yi bincike, duk da shekarun da aka kwashe ana wayar da kai. Masanin Samaru da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gonar gwaji ya fi kowa bukatar ɗan jarida mai 'yanci, domin shaidar wanda zai iya kushe ka ita ce kaɗai ke da nauyi idan ya yabe ka.

Ma'aunin Da Nake Ba Da Shawara

To, mece ce mafita? Ba na cewa a rushe gasar, domin giɓin da ta zo toshewa yana nan. Abin da nake cewa shi ne a auna ta, kuma tambaya ɗaya ta isa ta zama ma'auni: shin rahoton da ya kawo labari maras daɗi game da fasahar, in dai ya cika sharuɗɗan bincike, zai iya cinye wannan kyauta? Idan ɗan jarida ya je Bukkuyum ya tarar irin bai iso ba, ko ya iso da tsada, ko an cika kasuwa da na jabu, ya auna ya tabbatar ya rubuta, za a kira shi a miƙa masa lamba a gaban jama'a? Idan amsar i ce, to, kyautar tukuici ce, kuma tana yi wa kimiyya hidima, tun da ita kimiyya da gano kuskure take ci gaba. Idan kuwa amsar a'a ce, to, kyautar ladan talla ce. Talla sana'a ce ta halal, amma a kira ta da sunanta.

Daga wannan ma'auni sauran abubuwa suke fitowa. Ya kamata mai ba da kuɗi ya janye hannunsa daga zaɓen gwani, ya bar wa ƙungiyar 'yan jarida ko wata jami'a, kamar yadda Jami'ar Kolombiya ke riƙe da kyautar Pulitzer a Amurka tun 1917, ko yadda cibiyar da ke ɗauke da sunan Wole Soyinka ke ba da kyautar binciken ƙwaƙwaf a Nijeriya tun 2005. Ya kamata a sa manoma cikin alƙalai, kuma a ba rahoton da aka yi da Hausa da sauran harsunan gida muhimmanci, domin rahoton Turanci da aka buga a Abuja ko Legas, manomin Gummi bai san an yi shi ba. Shi kuma ɗan jarida, in ya karɓi kyauta ko kuɗin mota ko masauki daga wani mai ruwa da tsaki, ya gaya wa masu sauraronsa. Faɗin nan kaɗai ya isa ya mayar wa manomi 'yancinsa na auna maganar da kansa.

Wajibi ne in ƙara da cewa wannan ma'auni bai tsaya kan masu goyon bayan fasahar kaɗai ba. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da ita, irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma su ma suna shirya wa 'yan jarida tarurrukan horo, su ma suna da masu tallafa musu. Ɗan jaridar da ya fito daga taronsu ya haɗiye gaskiyar cewa manomi yana shaƙar guba sau takwas a damina, ko ya yaɗa tsoron da ba shi da hujja, ya yi daidai da wancan da ya haɗiye labarin Burkina Faso. Duka biyun sun sayar da manomi, kasuwa ce kawai ta bambanta.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu gidajen rediyo da jaridu za mu nufa bayan mun karɓi digiri, kuma albashin can ba ya kai wata. Ranar da aka ce ga gasa, ga kwamfuta, ga tikitin jirgi zuwa wata ƙasa, ba wanda zai zarge mu don mun yi sha'awa. Shawarata ita ce mu rubuta rahoton kamar babu gasar. Mu je gonar da ba a shirya mana ba, mu tambayi manomin da ba a zaɓo mana ba, mu tambayi masani abin da irin ba ya iya yi kamar yadda muka tambaye shi abin da yake iya yi. In bayan haka aka ba mu kyauta, mu karɓa mu yi godiya, mu kuma sanar da jama'a wanda ya ba mu. In aka hana mu saboda abin da muka faɗa, to, mun gano irin kyautar da ake rabawa, kuma wannan ma labari ne da ya cancanci a buga.

Jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, an sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabo ɗaya kuwa shi ne kuɗinta a lokacin. Yau kwabon ya zama lambar yabo da dala da tafiya ƙasar waje, amma cinikin bai sake ba. Uwar da ke daka a Dareta da manomin da ke ɗaure tankin feshi a bayan ɗansa a fadamar Gummi ba su da kyautar da za su ba kowa, alhali su ne za su ci ribar labarinmu ko su biya hasararsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.